Lungun da ya kai mu gaban alƙali

Filin awon igiya na saya a bayan garin Kano, inda ake yanka gonaki fuloti-fuloti. Lungu ɗaya ne tsakanina da maƙwabcina, kuma ta nan kaɗai mota ke shiga gidana. Shi ƙofarsa na kallon babban layi, lungun bai taɓa damunsa ba sai da ya tashi ƙara shago. Na dawo daga aiki na tarar an haƙa rami har tsakiyar hanya, an jibge bulo, magini yana jan igiya.

Na ce, "Alhaji, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam, filina nake ginawa, ga takarda."

Yana da takarda kuwa, ni ma ina da tawa, duka da hatimin mai unguwa. Tawa ta ce "gabas ya yi iyaka da hanya", tasa ta ce "yamma ya yi iyaka da hanya". Babu wadda ta faɗi faɗin hanyar. Nan gizo ke saƙar, kuma ina jin yawancin takardun cinikin unguwarmu haka suke. Dillali bai damu da faɗin lungu ba, la'adarsa yake jira.

Mai unguwa ya zaunar da mu, abin ya gagara, muka nufi kotun shari'ar Musulunci. Abu na farko da lauyana ya nema shi ne umarnin dakatar da aiki, kuma shi ya cece ni, domin cike rami ya fi rushe katanga sauƙi. Daga nan lauyan Alhaji ya ce kotun ba ta da hurumi. A Dokar Filaye ta 1978, filin da gwamna ya ba da shaidar mallakarsa Babbar Kotu ce kaɗai ke sauraron ƙararsa. Mu babu mai irin wannan takarda, amma sai da muka sha ɗage zama a kan wannan batu kafin a taɓa zancen lungu. Kuɗin lauya ya ninka na safiyo, mai awon fili, nesa ba kusa ba.

Ranar da alƙali ya zo ganin wuri aka gama komai. An ɗauko dattijon da ya yi awon tun farko, yana dogara sanda. Ya tsaya kan wani kututturen bini-da-zugu, ragowar shingen gonar, ya ce, "Allah gafarta malam, daga nan na fara ja." Aka shimfiɗa tef, fulotin Alhaji ya cika cif tun kafin a kai bakin ramin. Alƙali ya tunatar da mu hadisin Abu Huraira, cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a bar mata zira'i bakwai, wato kamu bakwai, sannan ya tambaya ko za mu yi sulhu.

Muka yi, amma na dage a rubuta shi cikin kundin kotu, da faɗi da tsawo, safiyo kuma ya kafa siminti a kusurwoyi. Alhaji ya gina shagonsa a matse. Yanzu masu adaidaita sahu da ke sauke masa kaya ne ke tare bakin lungun kullum da safe, takardar sulhun kuwa ba ta ce komai a kan ajiye abin hawa ba.