TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 7: Ƙullin da Mama ta hana a dafa

Salama gareku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri wancan satin baku ji ni ba, yarona ne ya kwanta zazzaɓi ga wayar ma ta ƙi caji, amma mun gode Ubangiji ya samu sauƙi.

Mun tsaya ne a ranar Lahadi 7 ga Satumba 2014 da 'yan Boko Haram suka shigo muka baro Michika a guje ana cikin sujada, na faɗa muku yadda Yayanmu ya ce mu yi gaba bari ya koma ya kwance awaki ya ɗauko mashin zai same mu a hanya, to daga ranar bamu sake sa shi a ido ba. Abinda ban faɗa muku ba shine abinda Mama ta ɗauko. Kowa na wawurar takardun makaranta da 'yan kuɗi da bargo, ita kuwa ɗakin girki ta shiga ta fito da wani ƙulli a tsohon zani, ragowar irin dawa ne da aka shuka a daminar, bai kai mudu biyu ba, ta cakuɗa shi da toka saboda ƙwari. Dawar kanta mun baro ta tsaye a gona ta fara fidda kai, wasu suka ci.

Sati bakwai da 'yan kwanaki muka yi a Mubi, sai ranar 29 ga Oktoba nan ma aka shigo, ranar ce kuma aka kama hedkwatar ikilisiyarmu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Kwarhi. Gaskiya wannan labarin ya fi faɗuwar Mubi karya min zuciya, don a tunanina na yarinta ko'ina zai faɗi banda can. Muka sake kwasar ƙafa ta daji, kwana uku kafin mu samu motar da ta kai mu Yola, ƙullin nan yana kan Mama ko takalmi babu a ƙafarta.

A Jimeta gidan Kawu muka sauka, ɗaki biyu ne mu ashirin da wani abu, maza a waje mata da yara a ciki kamar an jera kifi. Allah ya saka wa Kawu da matarsa, albashin malamin firamare ne amma basu taɓa ɗaure mana fuska ba. Wani lokaci mukan je harabar St Theresa inda Bishop Stephen Mamza ya buɗe ƙofa wa 'yan gudun hijira, ana raba masara ba a tambayarka wace ikilisiya kake ko wane addini, amma masarar da za a raba wa baki ashirin kwana nawa zata yi.

Bari in faɗa muku halin da nake ciki lokacin tunda na yi alkawari ba zan ɓoye komai ba. Ban daina ba da gaskiya ba fa. Da za ka tare ni ka ce akwai Allah? zan ce akwai. Yesu ya mutu ya tashi? Ƙwarai. Ina zuwa sujada ina rera waƙa ina cewa amin da ƙarfi kamar kowa. Amma na fid da rai. Ba na jiran komai daga wurinsa, addu'ata ta zama kamar gaisuwar da kake yi wa babban mutum a hanya, ka durƙusa ka gaishe shi ka wuce don ka san ba abinda zai baka. Yaya kam a zuciyata na riga na binne shi, baki ne kawai bai furta ba.

Wani dare kusa da Kirsimeti autanmu ya yi ta kukan yunwa har muryarsa ta dushe, ba ko garin kunu a gidan. Na lallaɓa na jawo ƙullin daga ƙarƙashin kan Mama, niyyata in bushe tokar in wanke in daka a turmin maƙwabta da asuba. Ashe idonta biyu.

Tace, "Mayar."

Nace Mama yaron nan yunwa yake ji.

Tace, "Na ji shi, ni na haife shi. Wannan ba abinci bane, gona ce."

Ai sai na fashe, nace wace gona Mama? Gonar da ke hannun mutanen can? Gidan ma ance an ƙona, Yaya ma... ban ƙarasa ba ta rufe min baki da tafin hannunta, ba mari bane amma na fi jinsa akan mari. Ta tashi cikin daren ta ƙwanƙwasa ƙofar wata maƙwabciya Bafulatana ta roƙo ragowar tuwo, Mama da a Michika ko gishiri bata taɓa roƙo ba. Har yau idan na tuna ban gama yanke wa kaina hukunci ba ko ta yi daidai, don da matar bata buɗe ƙofa ba fa? Na taɓa tambayarta, tace da sai ta buga ta gaba.

Ranar Lahadin da ta biyo wani tsohon fasto wanda shima gudun ya kawo shi ya yi mana wa'azi a gindin bishiya daga Ibraniyawa sura 11, inda ake cewa bangaskiya ita ce tabbacin abinda muka sa zuciya a kai. Littafinsa irin tsohon juyin nan ne da ya ce bege a inda sabon ya ce sa zuciya, sai ya tsaya akan kalmar yace ku Hausa kuke ji, wa ake bege? Mata suka ce wanda baya nan. Yace to, ba a begen wanda ke zaune kusa da kai, kuma ba a begen wanda aka tabbatar ba zai dawo ba, wannan makoki sunansa. Ya kawo zancen Ibrahim da ya tsufa tukuf amma yana jiran ɗa. Sauran wa'azin ban riƙe ba gaskiya, yunwa nake ji, abinda ya tsaya min kawai shine ni makoki nake yi Mama kuma bege take yi, alhali Allah ɗaya muke kira, benci ɗaya muke zama. Ita tabbacinta yana da abinda ya riƙe, gona da ɗa da gida, nawa kuwa kamar igiyar guga ce mai ƙarfi amma ba gugan a jiki.

Kar ku ɗauka daga ranar na canza. Ko kaɗan. Haushi ma na ƙara ji.

Sojoji suka ƙwato Michika a ƙarshen Janairun 2015, aka yi zaɓe a Maris, mu sai watan Mayu muka koma, gadar Kudzum a karye sai da aka zagaya da mu ta cikin rafi. Gidanmu bango ne kawai, rumbu wayam, majami'armu toka. Mutane da yawa sun dawo ba iri ba fartanya, to a nan ne ƙullin ya yi rana, har Mama ta ɗibar wa mata biyu na zumuntar mata cikin tafin hannu. Da ruwa ya zauna muka shuka, irin ya kwana biyu don haka wajen rabi ne ya tsiro, gonar duk giɓi-giɓi kamar bakin tsohuwa, amma ya tsiro.

Abinda ya haɗa mu faɗa kuma shine ɗan fegin Yaya da ke gefen dutse, wanda yake nomawa na kansa tun yana sakandare. Mama ta ware iri ta shuka masa. Nace wa zai nome wannan kuma, mu da namu ma ya fi ƙarfinmu? Tace ke mana, kafin ya zo. Na yi noman farko ina ƙunƙuni, na yi maimai ina kuka, kuma wani abin da ban gane ba shine duk ranar da na shiga fegin nan sai na tsinci kaina ina cewa Ubangiji in yana raye ka ba shi abinci yau, ni da na ce na binne shi. Hannuna ne ya fara kafin zuciyata ta bi, in ma ta bi ɗin.

Ranar wata Alhamis cikin Agusta na dawo daga fegin ƙafata duk taɓo, sai ga ɗan Kawu ya zo daga Yola takanas, ko ruwa bai sha ba yace an kira wayar babansa sau uku da wata lamba mai farawa da +237, lambar Kamaru, mai maganar yana tambayar Mama da sunan da mutum ɗaya ne kawai yake kiranta da shi a duniya.

Yaron ya farka yana nemana, sai sati mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.