Daga Tucson zuwa Phoenix, kan sawun jitar Duane Eddy

Da hantsi muka bar Tucson a jihar Arizona ta Amurka, ɗan ƙanwata da ke karatu a can shi ne a kan sitiyari. Ranar Arizona ba ta wasa, kafin azahar zafi ya haura digiri 40. Dama da hagu hamada ce da dogayen itatuwan ƙaya da ake kira saguaro, sai da muka doshi Coolidge sannan gonakin auduga suka bayyana.

Coolidge ƙaramin gari ne, yawancin baƙi kangon Casa Grande suke zuwa gani. Ni abin da ya kawo ni daban. A nan wani saurayi mai kaɗa jita, Duane Eddy, ya haɗu da Lee Hazlewood, mai saka faifai a gidan rediyon garin, KCKY, wanda daga baya ya riƙa shirya masa faifan kiɗa zalla, babu waƙa.

"Kawu, kiɗan da babu mai waƙa a ciki, me ake saurare?" in ji yaron. Na ce ya kunna mana faifan Eddy "Rebel-'Rouser" na 1958. Makaɗan zamanin kan tsirkiyoyi sirara suke nuna gwaninta, da sauri kamar ana korarsu. Eddy ya sauko kan masu kaurin jitarsa ƙirar Gretsch, yana tsinkar su ɗaya-ɗaya, yana girgiza ɗan hannun ƙarfen da ke jikinta, sai sautin ya fito da kauri yana rawa, kamar an yi kira a cikin rijiya.

Wannan amon a Phoenix aka ƙera shi, kuma can muka isa da la'asar. Ɗakin ɗaukar sauti na Floyd Ramsey, Audio Recorders, ba shi da wurin yin amsa-kuwwa. Sai su Hazlewood suka sayo tsohon tankin ruwa mai cin galan 2,000, suka ajiye a bayan gini, lasifika a wannan baki, makirufo a wancan. Kiɗan ya shiga, ya zaga cikin ƙarfe, ya dawo. Tsuntsu ya sauka a kai, ko motar kashe gobara ta gifta da jiniya, aiki ya tsaya ke nan, sai an sake.

Busan saksafon da ihun da ake ji a faifan daga baya aka ɗora su, a Los Angeles, faifan kuma ya kai matsayi na 6 a jadawalin Billboard na faifan da suka fi tashe a Amurka. A ganina ihun ya yi yawa, jitar da tankin sun wadatar. Ɗan ƙanwata ya ce ai busan ne ma ya hana shi gyangyaɗi a hanya, muka yi ta musu har ƙofar masauki.