Yadda na rina gemuna baƙi da abin da ya biyo baya

Furfura ta fara mini ne daga haɓa tun ban cika 40 ba. Ban damu da ita ba sai da na fara neman ƙarin aure. Ranar wata Juma'a na je aski, yaron shagon ya dubi gemuna ta madubi ya ce, "Alhaji, a ɗan shafa dayis mana, ai sai ka koma ango." Na yi dariya na ce ya shafa. Ya dama abin a murfin roba, ya bi gemun da tsohon buroshin goge baki, kafin a kira salla na fito gemu baƙi wuluk kamar na ɗan shekara 25.

A sahu kuwa wani ɗalibin ilimi, ƙanin abokina, ya yi ta satar kallona. Da aka sallame ya ja ni gefe, cikin ladabi ya karanto mini hadisin Ibn Abbas da ke cikin Abu Dawud da Nasa'i: a ƙarshen zamani za a sami masu rini da baƙi kamar ƙirjin tattabara, ba za su ji ƙanshin Aljanna ba. Daren nan barci bai ɗauke ni da wuri ba.

Da asuba na wuce zauren malamin da muka yi Risala a wurinsa tun muna samari. Ya saurare ni, ya murmusa, ya ce ashe na manta karatuna. Ya buɗe inda mai littafin, Ibn Abi Zaid, ya ce ana ƙin rina gashi da baƙi, amma ba a kan haramci ba, kuma babu laifi a yi da lalle da katam, wani tsiro da ake rini da shi. Ya ƙara da cewa Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce bai ji wani abu sananne a kan baƙin rini ba, sai dai wani launin ya fi soyuwa a gare shi. Na fara sakin jiki, sai ya ce in dakata, karatu bai ƙare ba.

Tushen maganar, in ji shi, hadisin Jabir ne a Sahihu Muslim. Ranar da aka ci Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, aka kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat. Annabi (SAW) ya ce a canza wannan da wani abu, a nisanci baƙi. A kan wannan Imamu Nawawi ya tsaya ya ce haramun ne. Masu sassautawa kuma suna kawo ruwayar Musnad Ahmad, inda mai ruwayar, Zuhairu, ya tambayi Abu Zubair, wanda ya karɓo hadisin daga Jabir, ko kalmar nisantar baƙin tana ciki, ya ce a'a. Wasu kuma suka ce umarnin ya dace da tsoho tukuf irin Abu Ƙuhafa ne, wanda baƙin gashi a fuskarsa zai zama abin dariya. Suna ƙarfafa haka da maganar Zuhuri, malamin hadisi daga tabi'ai, cewa sukan rina da baƙi lokacin da fuska take sabuwa, da fuska ta saki haƙora suka fara girgiɗi sai suka bari.

Hadisin tattabarar ma an yi ta ja a kansa. Ibnul Jauzi ya sa shi cikin ƙagaggu saboda ya ɗauka Abdulkarim ɗin da ke cikin isnadin, wato jerin masu ruwayar, shi ne Ibn Abil Mukhariƙ mai rauni. Ibn Hajar ya mayar masa da cewa Abdulkarim al-Jazari ne, amintacce. Ni dai a nan na gane cewa a ji hadisi guda a tashi da fatawa ganganci ne, haka nan a ji an ce "akwai saɓani" a miƙe ƙafa.

Sannan malam ya tambaye ni, "To kai me ya sa ka rina?" Na yi shiru. Ya ce ai labarin zuwana zance ya riga ni zuwa zauren. Ibnul Ƙayyim, in ji shi, ya ce baƙin da aka hana shi ne na yaudara, irin na tsohon da ke ruɗin mace da shi. Wannan kam babu malamin da ya ba da ƙofarsa, har waɗanda suka yarda mayaƙi ya rina don tsorata abokan gaba. "Yarinyar ta san shekarunka?" Na ce na ɗan rage mata biyar.

Kafin mako biyu farin ya fara leƙowa daga tushe, ga ƙaiƙayi da dayis ɗin ya bar mini a haɓa har da ƙuraje. Na je zance a haka, na faɗa mata ni ɗan 46 ne. Ta ce ai kakarta ta riga ta ƙirga mata tun ranar da na fara zuwa gaishe ta.

Da baƙin ya zube, uwargida ce ta kwaɓa mini lalle da lemon tsami a ƙaramin kwano, tana yi tana tsiya wai jan gemu ya fi dacewa da mai 'ya'ya bakwai. Awa biyu na zauna a tsakar gida da leda ɗaure a haɓa, yara suna leƙe ta taga.