Coci na 14, har yanzu taga na ruɗa ni

'Yan uwa masu yawon tsofaffin coci-cocin ƙauye, ga inda na kwana. Wata biyar ke nan da na fara, littafina ya kai coci 14, kusan duk a ƙauyukan yankin Herefordshire da gefen Gloucestershire a Ingila, don nan ne nake iya zuwa in dawo kafin magariba.

Bari in fara da abin kunya. A coci na 9 na hango manyan tagogi masu tsini, na rubuta "ƙarni na 15" da ƙarfin hali. Wata dattijuwa da ke jera furanni ta leƙa littafin, ba ta ce uffan ba, sai ta ja ni bayan ginin ta arewa, ta nuna min wata ƙofa da aka toshe da duwatsu, bakanta zagaye kamar rabin faifai. Ashe bangon ya ba tagar kusan shekara 300. Ƙa'idar da muka haddace tana nan daram: baka mai zagaye aikin zamanin Normawa ne, waɗanda suka ci Ingila a 1066, mai tsini kuwa sai wajen ƙarshen ƙarni na 12 ya shigo. Sai dai coci tsohuwar riga ce, kowane zamani da facin da ya ɗora mata, kuma taga aka fi taɓawa saboda son haske. Tun ranar ba na shiga sai na zagaye ginin sau biyu, ina neman inda launin dutse ya sauya.

Wannan zagayen ya biya ni a cocin ƙauyen Kilpeck. An gina cocin wajen 1140 da jan dutse, kuma a ƙarƙashin rufin, ta waje, akwai jerin sassaƙe sama da 80: kawunan mutane, dodanni, tsuntsaye. Wanda ya tsaya min a rai shi ne kare da zomo manne da juna, kare da kunnuwa zube, zomo da ido zuru-zuru, kai ka ce jiya aka zana su don yara. Wuyana ya yi kwana biyu yana ciwo. Ku tafi da ƙaramin madubin hangen nesa.

Cocin Kempley kuwa ciki ne abin kallo. Zanen bangon wajen bagadi na wajen 1130 ne, aka shafe shi da farar ƙasa bayan sauyin addini na ƙarni na 16, ba a sake ganinsa ba sai 1872. Farar ƙasar da aka shafa don a ɓoye shi ita ta adana shi.

Inda na fi samun ci gaba shi ne makabarta. Da farko dutsen kabari in ya ci ruwa ya yi gansakuka sai in wuce, in ce ya goge. Yanzu ina durƙusawa in kwantar da tocila a gefen dutsen, hasken ya bi fuskarsa a karkace, sai inuwa ta cika ramin haruffa su fito ɗaya bayan ɗaya. Kada ku kankare, kada ku goga alli. Dutsen ya fi yadda kuke zato laushi, kuma kabarin wani ne. Ni dai ba na taka kabari, tarbiyyar gida ce, ko da hakan zai sa in ɗauki hoto a gicciye.

Abu biyu sun sha ba ni wahala. Tsohon harafin "s" dogo ne, yana kama da "f". Sai shekara mai fuska biyu, irin 1723/4, da na ɗauka kuskuren masassaƙi ne. Ashe kafin 1752 sabuwar shekara a hukumance a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, don haka wanda ya rasu a Fabrairu yana cikin tsohuwar shekara a lissafin hukuma, sabuwa a lissafin jama'a. Ku lura kuma da rumfar da ke ƙofar makabarta. Ba don ruwan sama kawai aka yi ta ba, nan ake ajiye makara a jira limamin coci.

Na 14 shi ne Much Marcle. A harabarsa akwai wani tsohon itace, irin wanda Turawa ke kira "yew", da cikinsa ya rarake har aka kafa benci a ciki. Na zauna na ci burodina. Sunan cocin Saint Bartholomew, sai na tuna da takwaransa na Wusasa, cocin da aka gina da laka a 1929 da fasahar maginan Hausa, wanda na sha wucewa ta gabansa ina yaro ban taɓa ɗaga kai na dubi rufinsa ba.

Abin da ya rage min shi ne agogon rana da ake kartawa a jikin bangon kudu, ɗan rami da layuka kamar tafin kaza. Coci 14 ban ga ko ɗaya ba, kuma na san laifin idona ne. Asabar mai zuwa zan koma na 3 da na 6 da hantsi, in tsaya a bakin ƙofar kudu kawai.