Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sunan Gwaggo

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a daren da na sauka lafiya, inda Allah ya ba ni ɗiya mace bayan maza uku. Ranar Laraba ce, cikin hunturun farkon 2016, a gidanmu da ke wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina.

Tsohuwar da ke yi mani wankan jego tana ɗaga zanen jaririyar ta ce, "A'a, Kande ta iso!" Yaran gidan suka fashe da dariya, don ba su san haka ake ce wa macen da ta biyo bayan maza ba, kamar yadda ake ce wa namijin da ya biyo mata Tanko. Ta ce in Kande ba ta yi masu ba, ga Larai nan, tunda Laraba ta zo. Dariyar ta ƙaru. Ni dai ina kwance ina shan kunun kanwa, hankalina yana wani wuri.

Kwana uku da haihuwa ƙannen maigidana suka zo barka, kowace da jerin sunaye a wayarta: Afnan, Ilham, Hanan, Nihal. Sunaye ne masu daɗi, ban raina ko ɗaya ba, akwai masu su a danginmu kuma ina son su. Amma tun cikin yana wata biyar na yi alkawari a raina, in mace ce, Gwaggo za a yi wa takwara.

Masu bin labarin nan tun farko sun san Gwaggo, yayar mahaifina, wadda aka kai ni wurinta yaye ban sake komawa ɗakin uwata ba. Haihuwarta biyar, babu wanda ya kai ga tafiya. Na ƙarshen har Ajuji aka riƙa ce masa ko Allah zai sa ya tsaya, bai tsaya ba. Ni ce na zame mata 'ya. Da kuɗin fura ta saya mani allo da littattafan boko, da su ta tara mani kwanonin aure ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin gadonta.

Duk zaman nan ban san sunanta ba. Mahaifina Yaya yake ce mata, mu Gwaggo, 'yan unguwa Mai Fura. Sai a ƙidayar 1991, ina 'yar shekara tara, malaman ƙidaya suka shigo har tsakar gida. Tana bakin turmi, hannunta duk garin gero. Ɗayansu ya ce, "Baba, sunanki fa?" Ta dubi inda nake, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Rakiya." Na daɗe ina juya sunan a bakina ba tare da na fitar da shi ba. Daga ranar ban ƙara jin wani ya faɗe shi ba har ta rasu a 2009, aka kai ta maƙabartar Ɗanmarna, inda aka kai marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa shekara guda bayanta.

Zaɓen suna haƙƙin uba ne, na sani, kuma maigidana bai riga ya yi wa yarinyar huɗuba ba. A daren kwana na huɗu, bayan an watse da cin kauri, ya shigo duba mu. Na ce, "Baban Abba, alfarma nake roƙo. Sunan Gwaggo nake so a mayar."

Bai ja ba ko kaɗan, Allah ya saka masa. Ya ce, "An gama. Sai a riƙa ce mata Ummi, ko Walida."

Na ce, "A'a. So nake a kira shi."

Ya yi shiru yana dubana.

A nan damuwata take. Babban ɗanmu sunan kakansa na wajen uba ya ci, Abba muke ce masa. Na biyun sunan mahaifina, shi kuma Khalifa. In ba a rajistar makaranta ba, ba mai kiran su da sunan yanka. Wannan alkunya ce, tarbiyyarmu ce, ni ma a cikinta na tashi kuma ina girmama ta. Sai dai namiji ba ya asarar komai da ita, domin sunansa na nan maƙale a bayan sunan 'ya'yansa da jikokinsa, a takardar makaranta, a katin zaɓe, a bakin maroƙa. Sarki Muhammadu Dikko ya rasu tun 1944, amma har gobe ba ka rasa mai amsa Dikko a Katsina. Mace fa? Da ranta ba a kira ba, saboda kunya. Ta mutu an yi mata takwara, an rufe da Ummi. Wadda ba ta bar ɗa ba kuwa, irin Gwaggo, ko Ummin ba ta samu.

Da safe magana ta kai kunnen Hajiya, uwar maigidana. Ta same ni na fito daga wanka, jikina na ta tururin ruwan darbejiya. Ta zauna bakin gado ta ce, "Ɗiyar nan, mi nake ji? Ke da bakinki za ki kira sunan matar da ta goya ki? Ina kunyar ta tafi?" Ba da faɗa ta yi maganar ba, abin ya ɗaure mata kai ne da gaske. Na rasa amsa, sai hawaye. Ta jima tana kallon jaririyar, can sai ta shiga lissafa 'yan makarantar allonsu: Rakiya uku, Indo, Dije, Kulu, Abu, Mairo, Habi. Ta ce yanzu in ka ji an ce Indo ko Kulu, ka san tsohuwa ce, alhali A'isha ce da Hauwa'u, sunayen da ba su tsufa. Ta ƙirga waɗanda suka rage da rai a yatsun hannu guda, yatsun ma ba su ƙare ba. Ta tashi ta fita ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ta hana ba.

Ƙannen maigidana suka kawo tasu mafitar, wai a bar shi Rukayya, ya fi zama na zamani, ƙawayenta ba za su tsokane ta ba. Asalinsa ke nan, gaskiya ne. Amma Gwaggo ba ta ce wa malamin ƙidaya Rukayya ba.

Mahaifina ne ya raba gardamar. Ranar jajibirin suna ya zo da sandarsa, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakina, aka miƙa masa jikarsa. Maigidana ya durƙusa ya faɗa masa yadda ake ciki. Baba ya ce mahaifinsu ya sa wa Yaya sunan ne don Nana Rukayya, ɗiyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, matar Sayyidina Usman, wadda ta yi hijira zuwa Habasha tare da mijinta, ta rasu a Madina lokacin yaƙin Badar. Ya ce, "Shekara saba'in ina bayanta ban taɓa kiran sunan nan ba." Muryarsa ta sarƙe. Ya goge ido da bakin rawaninsa ya ce, "Ku kira ta da shi. Ni ma ina so in riƙa ji."

Washegari bayan sallar asuba maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a. Daga cikin ɗaki na jiyo maroƙi ya ɗaga murya: "Sunan jaririya Rukayyatu! Allah ya raya!" Aka yanka rago, wanzami ya yi mata aski. Da mata suka cika gida da yamma, duk wadda ta tambaya, Hajiya da kanta ke amsawa, "Rakiya ce." Wata ta ce, "To me za a riƙa ce mata?" Hajiya ta ce, "Abin da kika ji."

Ni ce dai na kasa. Wuni guda ina cewa "miƙo mani ita", "yarinyar ta tashi?" Sai da dare ya raba, gida ya yi tsit, ƙanshin suyar naman suna bai gama fita daga tsakar gida ba, ta farka tana neman nono. Na ɗauke ta na ɗora a cinya. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Na yi wa Gwaggo Ƙulhuwallahu ƙafa uku, sannan na sunkuya daidai kunnenta na ce, "Rakiya, yi haƙuri, ga ni."

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zuwana gida yawon arba'in, da abin da na tarar a cikin tsohuwar adakar Gwaggo.