Rakiyar mai ɗiban ruwa a tafkin Legas

Cikin watan Satumba na fara shiga tafkin Legas, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. 'Yar wana ce ke karatun halittun ruwa, aka ce ta riƙa ɗebo ruwan tafkin wata-wata har shekara ta zagayo. Uwarta ta ce atafau ba za ta hau kwalekwale ita kaɗai ba. Ni da ban san ruwan da ya wuce na Tiga ba, ni aka naɗa ɗan rakiya.

Da sassafe muka tashi daga Ikorodu. Ruwan ya yi ja kamar shayi da madara, kainuwa ta shimfiɗe ko'ina, har sau biyu mai jirgin yana kashe inji ya zaro saiwoyi daga farfela. Yarinyar ta zura wani farin faifai ɗaure da igiya cikin ruwan don ta auna duhunsa, bai kai kamu guda ba ya ɓace wa ido. Ta ɗiga ruwa a 'yar na'urar auna gishiri, ta miƙo mini.

"Baffa, duba. Kusan sifili."

Tafkin a haɗe yake da teku, amma Kogin Ogun ne ya cika, ya turo ruwan daɗi da laka da dattin gari, ya kora ruwan teku baya.

Da muka koma a Fabrairu, cikin hazo, sai ka rantse wani wuri ne daban. Kainuwar nan da ake wa kirari dashen Allah, gishiri ya ƙone ta, sai ruɓaɓɓun ganye a bakin gaɓa. Faifan ya nutse sosai muna ganinsa. Na tsoma yatsa na lasa, duk da hararar da ta yi mini: gishiri zau. Ta ce lita guda ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kamar giram 35, kuma da rani ruwan da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Apapa yakan kusanci haka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗigon da ta nuna mini a madubin ƙara girma. Na damina cike yake da koren zare da ƙulli-ƙulli, dangin gansakukar ruwan daɗi. Na rani kuwa wasu halittu ne masu ɓawon gilashi, wasu kamar kwabo, wasu kamar allura, waɗanda tunkuɗowar teku ke shigowa da su. Ido ba ya ganinsu, amma da su 'ya'yan kifi da jatan lande ke tashi.

Mai jirginmu, mutumin Makoko, unguwar masunta ta bakin tafkin, ba shi da na'ura ko ɗaya. Ya ratsa da mu ta wurin itatuwan da masunta ke kafawa don tara kifi, ya kankaro wasu 'yan halittu masu farin ɓawo da suka manne a jikin sanda. Ya ce in waɗannan sun fito, gishiri ya iso. Ruwan damina na zuwa za su mutu. Yarinyar ta rubuta wannan ma a littafinta, a gefen lambobin.