Kumburi ya sauka, IL-6 ya hau: abin da ɓerayen suka koya mini

Har yau raina yana ɓaci idan na tuna yadda aka so a zubar da aikinmu a kwandon shara saboda lamba ɗaya.

Ɓeraye ne irin DBA/1, an yi musu allurar furotin kolajin nau'i na 2 domin a haddasa musu ciwon kumburin gaɓoɓi, aka ƙara ta biyu a rana ta 21 kamar yadda aka saba. Rukunin da muka ba MR16-1, maganin da ke toshe makarɓar IL-6 (IL-6 furotin ne mai kai saƙon kumburi a jiki, makarɓa kuma ita ce inda yake kamawa a jikin ƙwayar halitta), ƙafafunsu lafiya lau, sauran kuwa sun kumbura suntum. Sai sakamakon jini ya fito: IL-6 ya fi yawa a jinin waɗanda suka samu sauƙi! Wani babba a ɗakin gwajin ya duba takardar ya ce, "Kun haɗa kwalabe ne, ku sake." Muka sake auna jinin, aka ƙona kuɗin kayan gwaji, amsa ba ta canza ba.

Ba kwalabe ba ne. Makarɓar da IL-6 ke kamawa ita ce kuma hanyar da jiki ke kwashe shi daga jini. Ka toshe ta, sai ya taru, kamar wasiƙu a bakin ƙofar da aka garƙame. Haka ake gani a marasa lafiyar da ke karɓar tocilizumab, maganin da ke toshe wannan makarɓa a jikin mutum. Saƙo ya yi yawa, amma babu mai karanta shi.

Abin da ya fitar da mu kunya shi ne duba cikin ƙwayoyin halitta. IL-6 yana tayar da wani furotin da ake kira JAK, shi kuma ya manna wa wani furotin, STAT3, sinadarin fosfet, alamar cewa saƙon ya shiga. A ɓerayen da muka ba maganin, wannan ya ragu ƙwarai. SAA, furotin da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi, shi ma ya faɗi. Kar ka dogara da CRP, alamar kumburi da aka saba aunawa a jinin mutum, a ɓera, ba ya tashi irin yadda yake yi a mutum.

Lokacin bayarwa ma yana da tasiri: MR16-1 ya fi aiki idan an ba da shi tun ranar allurar farko, kafin ƙwayoyin garkuwar jiki na Th17, masu rura kumburin, su kafu. In ka makara, da kyar ka ga bambanci.

Yanzu duk ɗalibin da ya kawo mini lambar jini kaɗai, sai in ce ya je ya ciro naman gaɓa, ya daskarar da shi nan take, domin fosfet ɗin da ke kan STAT3 ba ya jira.